Agarar Manu Mai Lalas

Duk wanda ya yi kiwo tsakanin Ɗanzomo da Maigatari a shekaru talatin ɗin nan ya san Manu. Ko bai san fuskarsa ba, ya san aikin hannunsa. In ka ga saniya da tabon ƙuna layi uku a gwiwa ko a saman kofato, a jere tsaf kamar an auna da zare, to ta hannunsa ta bi. Lalas ake ce wa aikin: a sa ƙarfe a wuta sai ya yi ja, a ɗosa shi inda ciwo ya kwanta, a saki dabba. Wasu sukan daina ɗingishi bayan kwanaki, wasu ba sa dainawa. Amma waɗanda suka warke su mutane suke tunawa, shi ya sa sunan ya bi shi har gobe, Manu mai lalas.

A wata ruga aka haife shi arewa da Ɗanzomo, a ƙasar Sule Tankarkar. Ba wanda ya rubuta shekarar. Yana sabon ango aka yi babban farin nan da ya ƙarar da dukiyar jama'a, mahaifinsa ya fita da garke guda ya dawo da shanu bakwai, su ma da ƙyar suke ɗaga kai. Daga bakwai ɗin nan Manu ya tayar da garken da yake da shi yau. Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa, ni ma ba zan tona masa asiri ba, amma in suka sauka rijiya sai masu guga sun canja hannu.

Rayuwarsa kaf a kan tafiya ɗaya take. Da ruwan farko ya sauka manoma suka yi shuka, ƙasar nan takan rufe ruf, gona ta haɗe da gona, burtali ya koma kamar hanyar tururuwa. Dole shanu su bar gari cikin kwanaki, in ba haka ba a yi ta rigimar ɓarna. Sai a kaɗa su arewa, a tsallaka iyaka ta gefen Maigatari, a nuna wa 'yan duwan, wato jami'an kwastan, takarda, a yi kwana ashirin ana taka ƙasa har a wuce Damagaram, inda daji yake a buɗe. Sai an yanke gero ake dawowa cin kara. Shekara arba'in da 'yan kai Manu yana gaban garken nan, bai taɓa fashi ba. Shekarar da mahaifiyarsa ta rasu ma, ana gama sadakar uku ya ɗauki sandarsa. A gidansu kuwa ƙa'idar ba ɓoyayya ba ce: wanda ya ja shanu zuwa arewa shi ne mai shanu. Ranar da ƙafa ta zaunar da kai, magana ta koma bakin wanda ya tafi, kai sai dai a gaishe ka da girmamawa a kawo maka nono.

Mutum ne dogo, marar yawan magana, mai taurin kai irin na waɗanda ba su cika yin kuskure ba. Matarsa Rahamatu takan ce ko a zaune yake ƙafarsa tafiya take yi. Babur bai taɓa burge shi ba, ya ce abin da ba ya cin ciyawa ba ya san hanya.

Ciwon ya faro ne a hanyar dawowa daga arewa, shekara biyu da suka wuce. Ƙafar hagu, a agara, wato jijiyar nan mai kauri da ta haɗa dunduniya da sha-raɓa. Da safe in ya sauke ƙafa daga gado sai ya ji kamar ya taka ƙaya, sai ya ɗan zazzaga kafin ta saki. Daga baya wurin ya yi ɗan ƙullutu kamar ƙwallon aduwa. Bai gaya wa kowa ba. Rahamatu ce ta gano, ita ma ba a fuskarsa ba, a sawunsa. Ta bi bayansa zuwa rijiya wata safiya ta ga dunduniyar dama tana nutsewa a rairayi, ta hagu kuwa shafar ƙasa kawai take.

Tsoron Manu yana da dalili. Ya san agara fiye da yadda ya san tafin hannunsa. Sau nawa aka kira shi kan saniya, ya shafa bayan ƙafarta, ya miƙe ya ce da mai ita, "Agara ce. Kai ta Maigatari ranar Alhamis tun tana da nama." Ga shi yau abin ya zo kansa. Aka yi ƙaho, aka shafa man zafi, aka sha ƙwayoyin kemis har cikinsa ya fara ƙorafi. Daminar farko ya tafi a haka yana cije leɓe, ya dawo ƙafar ta fi da lalacewa. Da rani ya tsaya, ko rijiya ba ya kaiwa sai ya huta a hanya.

'Yarsa Juwairiyya, wadda take aure a Gumel, ita ce ta zo takanas. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta daɗe tana kewaye-kewaye, sannan ta fito da abin da ya kawo ta.

"Baffa, akwai wani likitan gashin ƙashi a unguwarmu, Malam Siddiq. A Kano ya yi aiki ya dawo gida. Yana da wani inji na ciwon jijiya. Maƙwabcinmu mai dakon buhu ya yi fama da irin naka, yanzu ya koma aiki."

"Yanka ake yi?"

"Ba yanka, ba allura."

"To me ake yi?"

"Bugawa ake yi, Baffa."

Manu ya ce shi ba ganga ba ne. Amma da ta kwana biyu ta ƙi komawa ɗakinta, Rahamatu kuma ta daina yi masa magana sai da ido, ya sauko. Ɗansa na fari, Ismail, magidanci mai 'ya'ya huɗu, shi ya goya shi a babur ɗin da ya raina. Saura wata uku ruwa ya sauka.

Wurin likitan ɗan ɗaki ne a bayan kasuwar hatsi, da gado mai shimfiɗar leda da fanka mai aiki da sola. Malam Siddiq matashi ne mai fara'a, ɗan garin. Ya sa Manu ya kwanta rub da ciki, ya kama agarar da yatsu biyu yana matsawa daga ƙasa zuwa sama. Da ya zo kan ƙullutun, Manu bai ce uffan ba, sai dai gumi ya tsattsafo masa a ƙeya.

"Baffa, nan ɗakin ba a fulako," in ji Siddiq. "In ya yi zafi ka faɗa. Da bakinka nake auna ƙarfin injin."

Ya duba wurin da na'urar hoto, ya ce alhamdu lillahi jijiyar ba ta tsinke ba. Ya ɗauki biro ya zagaye daidai inda ciwon yake. Sannan ya jawo injin, wani abu kamar babbar rediyo, da igiya, da kai mai kama da tocila.

"Shokwef sunansa. Ba wuta ba ce, ba kuma lantarki ne zai shiga jikinka ba. Bugu ne yake aikawa ya ratsa fata ya isa jijiya. Ita agara jini ba ya zuwar mata da yawa. Taka ta gaji, ta yi kauri, jiki ya saba da ita haka ya daina gyara. Injin nan tsokanar wurin yake, ya tayar da ciwon da ya kwanta, don jiki ya waiwayo ya kai jini ya ci gaba da aikinsa."

Manu ya ɗago kai daga matashi. Tun da suka baro ruga sai yanzu fuskarsa ta saki.

"A tayar da ciwo don ya warke?"

"Haka ne, Baffa."

"Ashe sana'armu ɗaya da kai, yaro."

Juwairiyya, da ta tarar da su a can, ta yi wa likitan bayanin lalas. Siddiq ya yi dariya ya ce, "To, kusan haka ne." Ya faɗe ta ne don ya faranta wa dattijo rai, ya kuma yi nasara, don daga ranar Manu ya yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Aka shafa wani mai mai sanyi da yauƙi, aka ɗora kan injin. Tas, tas, tas, tas, ba tsayawa, kamar ana sassaƙa turmi a cikin ƙashinsa. Minti biyar aka gama. Siddiq ya zaunar da shi ya jera masa sharuɗɗa. Zuwa biyar, duk Litinin. Ya bar ƙwayoyin kemis, don suna kwantar da abin da injin ya tayar. Ya rage doguwar tafiya. Kullum safe da yamma ya hau bakin dakali, ya ɗaga dugadugansa sama, ya sauke ta hagun a hankali, sau goma sha biyar, a maimaita. Ya kuma gaya masa gaskiya: sauƙin ba ya zuwa nan take, yakan ɗauki wata biyu ko uku, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba. Manu ya lissafa da yatsu. Wata uku. Da ƙyar, amma zai isa.

A ruga babu dakali, sai ya samu wani kututture a bayan rumbu. Dattijo mai surukai yana ɗage yana sauka a kan kututture kamar mai leƙen katangar maƙwabta! Ya yi kwana uku, ya ji matan 'ya'yansa suna ƙus-ƙus, ya bari.

Litinin ta biyu aka sake bugawa, aka sabunta zanen biron. Ya dawo gida ya kwana, da safe ya sauke ƙafa, ƙayar nan tana nan, har ma wurin ya ƙara tsami. Ya juyo dunduniyar ya duba a rana. Babu tabo, babu ɓawo, babu ko ɗan ja. Fata lumui kamar ba a taɓa ta ba.

A nan tunaninsa ya kama hanyar da ya sani. Shekara talatin yana gaya wa masu koyo cewa ƙarfen da bai yi ja ba azabtar da dabba kawai yake, ba ya magani. Yaron nan na Gumel yana da ilimi, ya gano wurin daidai, ya kuma faɗi dalili daidai. Abu ɗaya ya rage masa, tausayi ya yi masa yawa, ƙarfensa ba shi da zafi. Ga wata yana tafiya, ga gizagizai sun fara leƙowa ta gabas. Ni dai ba zan kira Manu wawa ba. Mutum ne da ya ji an yi masa bayanin sabon abu da harshen aikinsa, ya ɗauka ya riga ya san sauran.

Ranar Alhamis Ismail ya tafi kasuwar Maigatari, mata suka ɗauki ƙwarya suka nufi Ɗanzomo tallar nono. Da hantsi Manu ya hura wuta a gindin aduwar da ke bayan garke, ya tura ƙarfensa ciki. Ya zauna ya ɗora ƙafar hagu a kan cinyar dama. Zanen biron yana nan bai goge ba. Ya yi bisimilla, ya ja layi uku a cikin da'irar, a jere tsaf. 

Rahamatu tun daga bakin shinge ta ji warin. Ta san warin ƙonannen gashin saniya, wannan ba shi ba ne. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta zo ta tsaya a kansa, ta ga ƙafar a naɗe da tsumma.

"Malam, me ka yi?"

"Na ƙarasa wa yaron aikinsa ne."

"Kai saniya ne? Fatar saniya gare ka?"

Shekara arba'in ba ta taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ta faɗi haka ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, don ita tun a lokacin ta ga abin da shi bai gani ba tukuna.

Litinin ta uku ya je Gumel da ɗan alfaharinsa. Siddiq ya warware tsumman ya duba. Ƙunar ta kumbura, ta fara ruwa, gefenta ya yi fari.

"Baffa, ba zan iya ɗora injin a kan wannan ba."

"Ɗora. Zan jure."

"Na san za ka jure. Ba a buga shi a kan buɗaɗɗen ciwo ne. Fatar wurin nan siririya ce, jijiyar tana ƙarƙashinta kai tsaye. In ƙwayar cuta ta shiga ciki, ba maganar tafiya arewa ake ba, maganar ƙafar ake." Ya sunkuyar da kai. "Laifina ne. Ni na ce maka kusan haka ne. Da na tsaya na bambance maka."

"Ba kai ka riƙe ƙarfen ba," in ji Manu.

Iyakar abin da ya ce ke nan. Amma a hanyar komawa Ismail ya ji hannun mahaifinsa ya yi nauyi a kafaɗarsa, bai taɓa riƙe shi haka ba.

Aka koma wankin ciwo duk bayan kwana biyu, da maganin kashe ƙwayar cuta. Zafin bazara, ga ƙuda, ga rairayi. Ƙunar da a jikin saniya takan bushe cikin mako biyu, a dunduniyar ɗan shekara sittin da wani abu ta zama gyambo. Mako bakwai ta ci kafin ta rufe. Manu ya rame, ya daina zuwa inda ake hira. Masu shanu suna zuwa neman lalas yana cewa ba ya jin daɗi. Abin da yake cin ransa ba zafin ba ne. Ganin da yake yi ne cewa lokacin da yake da shi ya ishe shi warkewa, da hannunsa ya ƙone shi.

Ana cikin haka ruwa ya sauka, mai ƙarfi, kwana biyu a jere. Washegari duk inda ka duba mutane ne da sungumi suna shuka. Manu ya sa aka kai shi Gumel. Siddiq ya duba sabuwar fatar, ja, siririya kamar ɓawon albasa.

"Nan da mako biyu za mu iya komawa kan injin."

"Jibi shanu za su tashi."

"Baffa, ba ni da ikon hana ka. Amma in ka taka kwana ashirin da ƙafar nan, fatar za ta buɗe, jijiyar kuma tana iya tsinkewa a dajin da babu mai ɗaukar ka. In ka zauna muka ƙarasa, ina sa rai baɗi ka taka."

"Baɗi," in ji Manu. Ya maimaita kalmar a hankali. Siddiq bai san me take nufi a gidansu ba, Ismail da yake tsaye a bakin ƙofa ya sani, shi ya sa ya fita waje.

Ba wanda ya ce masa kada ya je. Ismail ba zai iya ba, kunya ba za ta bar shi ba. Manu da kansa ya gwada ƙafar. Da la'asar ya ɗauki sanda ya nufi rijiya ba tare da ya huta ba, ya juyo, a rabin hanyar dawowa ƙafar ta zaunar da shi a kan kunyar gonar wani. Ya daɗe a wurin. Da ya iso gida ya ce da Rahamatu a gaya wa wancan, wato Ismail, ya shirya, shi zai ja shanun.

Ranar tashi, rana ta ɗan ɗago aka gama ɗaure kaya a kan jakuna, aka kwance maruƙa. Manu ya fito ya tsaya a bakin garke ya yi musu addu'a. Ismail ya shiga gaba ya yi kira. Shanun suka motsa, suka tsaya. Uwar garken, wata tsohuwar jar saniya da suke kira Woɗe, ta juyo ta dawo ta tsaya a gaban Manu tana jira. Aka kaɗa ta, ta yi taku goma, ta sake dawowa, sauran suka biyo ta. Sau uku ana haka. Ismail ya tsaya da sanda a hannu, kansa a ƙasa.

Manu ya gane. Muddin suna ganin sa ba za su tafi ba. Ya juya ya shiga ɗaki, ya ce da Rahamatu ta saki asabari ta tsaya a ƙofa. Daga ciki ya ji Woɗe tana kuka, ya ji muryar ɗansa tana rawa, sannan ta daidaita. Ya ji kofatai suna nisa har suka ɓace. Ranar bai ci abinci ba.

Mako biyu bayan nan ya koma kan gadon Siddiq. Aka faro daga farko, zuwa biyar, mijin Juwairiyya yana ɗauko shi daga bakin titi a keke napep ɗinsa. Wannan karon in ya yi zafi yakan ce ya yi zafi. Ya sa aka kawo kututturen tsakar gida, yana hawa safe da yamma a gaban kowa, ba wadda ta ƙara yin ƙus. Babu ranar da zai ce ga ranar da sauƙi ya zo. Gero yana fitar da kai ya lura ya je rijiya bai huta ba. Ana yankan gero ya taka har kasuwar Ɗanzomo ya dawo. Ƙullutun bai baje duka ba, ranar da ya wuce gona da iri takan tuna masa, amma ƙafa ta zama ƙafa.

Da labari ya zo cewa shanu sun tsallako iyaka, Manu ya sa farar rigarsa ya fita tarbarsu, shi kaɗai, tafiyar awa biyu har bakin burtali. Ya hango su tun daga nesa, sun yi ƙiba, gashinsu yana sheƙi, ga sababbin maruƙa da bai san su ba. Ismail ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi baƙi ya bushe, muryarsa ta buɗe. Manu ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, bai ga wadda ta ɓata ba, ya ji daɗi har cikin ransa.

Woɗe ta ratso ta zo wurinsa. Ta shinshina hannunsa, ta lashi gishirin gumin da ke tafinsa, ya sosa mata gindin ƙaho. Can gaba Ismail ya ga bakin garken zai shiga wata gonar wake da ba a cire ba, ya yi kira sau ɗaya. Woɗe ta ɗaga kai, ta juya, ta tafi. Sauran suka bi ta, suka wuce Manu ta dama da ta hagu.

Ya tsaya har ta ƙarshe ta wuce. Sannan ya gyara sandarsa a kafaɗa ya bi bayansu a hankali, ba ya ɗingishi.